Ƙusar Itacen Murdo Gourlay

Murdo Gourlay ya shekara talatin da 'yan kai yana dukan ƙusoshin jiragen ruwa a bakin Kogin Clyde, kuma ko maƙiyinsa ba zai ce bai iya ba. Maƙiyan kuwa yana da su buhu-buhu, duk bakinsa ne ya jawo masa su. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kunnuwansa sun yi nauyi irin na masu wannan sana'a, saboda haka ko asiri zai gaya maka sai na ƙarshen layi ya ji. Abin da ya shiga kunnensa da safe, kafin jiniyar tashi ta yi kuka ya gama zaga ma'aikatar, ya sha gishiri ya sha yaji. A duk tsawon rayuwarsa magana biyu kacal cikinsa ya iya riƙewa, ta farkon ma don tasa ce.

Dukan ƙusa ba aikin mutum ɗaya ba ne. Ana gasa ta sai ta yi ja wur, a zura ta a ramin da ya ratsa fallen ƙarfe biyu, wani ya tokare kanta daga cikin jirgi, wani ya yi ta lugude a ɗaya bakin daga waje har ya baje. In ta huce sai ta ja ƙarafan ta matse su gam. Mai tokare wa Murdo shi ne Wattie Strang, dogo siriri mai fuskar zaman makoki, wanda ba ya sha, ba ya zagi, ba ya dariya sai an kawo masa hujja. Murdo na kiransa Waliyyi. Duk wani kayan aiki na Wattie yana ɗauke da ɗigo uku da ya buga da tsinin ƙarfe, tun daga sifana zuwa gwangwanin shayinsa, har notinan da ke ƙasan akwatinsa, wai don tunawa da Uba da Ɗa da Ruhu. Murdo ya ce ƙarya ne, adadin murmushin da ya yi ne tun da aka haife shi. Mutane na cewa ba don kullum akwai bangon ƙarfe a tsakaninsu ba, da tuni ɗaya ya kashe ɗaya. Ga shi kuma Murdo na neman auren Ishbel, ƙanwar Wattie.

Abin ya faru ne wata Asabar cikin watan Afrilun 1918, ana tsakiyar yaƙin farko, suna aikin wani ƙaramin jirgin yaƙi, Ɗari Huɗu da Tara. Mu a nan ba ma kiran jirgi da sunan da matar wani babba ta raɗa masa ranar da ta fasa kwalba a goshinsa. Lambar da aka rubuta da alli ranar da aka shimfiɗa ƙashin bayansa, ita ce sunansa har ya nutse ko a yanka shi. Ran nan shugaban aiki ya ce lallai a gama bayan jirgin kafin jiniyar sha biyu, don Litinin masu fenti za su shigo. Ran nan ne kuma ƙungiyar ƙwallon su Murdo ke da wasan da duk garin ya yi wata guda yana musu a kai.

Saura rami ɗaya tak, can ƙasa a wani lungu bayan haƙarƙarin jirgi, sai ramin ya ƙi. Hudar fallen waje da ta fallen ciki ba su yi daidai ba, ƙusa ta ƙi wucewa. Mai gyaran rami kuwa tuni ya wanke hannu ya saɓa rigarsa. Murdo ya dubi ramin, ya dubi agogon ma'aikata, ya dubi wata karyayyar ƙotar guduma da ke yashe a ƙasa. Ya zaro wuƙa ya fere ta.

Daga ciki Wattie ya ɗaga murya. "Murdo, me kake bugawa? Wannan ba ƙarar ƙarfe ba ce."

"Kunnenka ne ya fara taɓuwa, Waliyyi."

Wattie ya zagayo ya tarar da shi yana mulmula wa itacen kai da danƙon toshe tsaga, ga gwangwanin jan fenti a gefe. Ya ce, "Wannan ramin a ƙarƙashin ruwa zai zauna fa. 'Ya'yan mutane ne za su hau."

"Haba, sai ka ce na kashe wani! Litinin da sassafe zan fitar in sa ta gaske. Na rantse da kabarin babana."

"Babanka na nan da ransa."

"To da na kakana. Matsa mini in shafe na cikin."

Aka lallasa ƙungiyar su Murdo ci huɗu ba ko ɗaya. Ya tafi mashaya ya yi ta'aziyya yadda ya kamata, ya ƙara da ta Lahadi a ɓoye, Litinin bai iso ma'aikata ba sai da rana ta ɗaga. Ya tarar an kwashe katakon da ake takawa, masu fenti sun bi bayan jirgin sun shafe shi kaf. Sufeton sojan ruwa ya zo da 'yar gudumarsa yana ƙwanƙwasa ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya yana sauraron amonsu, amma Allah ya hore wa mutumin tumbi, lungun kuwa ba ya karɓar mai tumbi. Ya leƙa daga nesa, ya ja alli, ya wuce. Bayan mako shida aka turo jirgin cikin kogi ana kaɗe-kaɗe, kowa na wurga hula sama, Murdo kaɗai ya tsaya baki buɗe yana jiran ya ga ta inda za a fara nutsewa. Jirgin ya zauna a kan ruwa lafiya lau, aka ja shi aka tafi.

Wattie bai kai ƙara ba, amma bai bar maganar ta mutu ba. Ranar ɗaurin auren Murdo da Ishbel aka ba shi dama ya yi addu'a, ya ce Ubangiji ya sa wannan aure da ƙarfe aka ɗaure shi tun daga farko har ƙarshe. Kowa ya ce amin, ango kaɗai ya ƙware da ruwa. Daga nan duk ranar da Murdo ya matsa masa da tsiya, sai Wattie ya dube shi a hankali ya ce, "Ya farashin katako kwanan nan?" Nan take sai Murdo ya canza magana. Ni dai na san wannan ƙotar ce ta mai da shi gwani, don tun daga ranar bai ƙara barin ƙusa ɗaya mai shakka ba. In ya ji amonta bai yi masa ba sai ya sare ta ya sake, ko da kuwa jiniya ta yi kuka sau uku.

Shi kuwa Wattie gaba ya yi ta yi a harkar ibada har ya zama dattijon coci, ya kama ranar Lahadi ya riƙe da hannu bibbiyu. Ba ya aski ranar, ba ya fito, ba a hura wuta a gidansa, naman da aka dafa tun Asabar ake ci da sanyinsa. Shi ne mai zuwa filin wasa kowace Asabar da yamma ya ɗaure lilon yara da sarƙa ya danna kwaɗo, kada wani ɗan shekara biyar ya lila kansa zuwa wuta. Ya taɓa sa wata gwauruwa kuka a gaban jama'a don ta shanya wanki ranar Lahadi. Murdo ya iya kwaikwayon tafiyarsa da sarƙar, da yadda yake tura leɓe in zai ce "Rana ce ta Ubangiji," kuma babu mashayar da bai yi wannan wasa ba a bakin kogin nan.

Sai shekarun wahala suka zo, aka rufe ma'aikatu, ciyawa ta tsiro a inda ake shimfiɗa jirage. Murdo ya ji ana ba sojan ruwa na ko-ta-kwana takalmi da babbar riga da abinci sau uku na mako biyu a shekara, ya ruga ya ba da sunansa. Ishbel ta ce, "In yaƙi ya tashi fa?" Ya ce, "Wane yaƙi kuma? Ai an yi an gama, kowa ya ji a jikinsa." A 1939 yaƙi ya tashi, takardar kira ta iso, yana da shekara arba'in da biyu.

Aka tura shi wata tashar kudu, aka nuna masa wani tsohon jirgi mai launin toka, aka faɗa masa wani suna da bai taɓa ji ba, aka ce a ɗakin tukunyar tururi zai yi aiki, ɗan wuta, wato mai kula da wutar tukunyar. Yana hawa ya goga babban yatsansa a kan layin ƙusoshin gefe, don haka masu sana'ar ke yi ko ƙofar banki suka wuce. Sai ya tsaya cak. Kowa ya san hannunsa a aiki, wannan kuwa dukansa ne, da 'yar karkatar nan ta hagu da ba wanda ke yi sai shi. Ya sauka ƙasa ya nemo allon tagullar da maƙera ke mannawa, ya goge shi da hannun riga. Ɗari Huɗu da Tara.

Bai ko ajiye jakarsa ba ya nufi baya. Lungun ya zama ɗakin ajiye igiyoyi. Ya rarrafa bayan haƙarƙarin ƙarfen ya lalubo, ga shi nan, wani ɗan ƙullutu da fentin shekara ashirin ya lulluɓe. Ya ɗora tafin hannu ya ji a bushe. Ko farce bai kuskura ya sa ba, don ya san danƙo da ruɓaɓɓen itace ba sa son tambaya. A bayan wannan ƙullutun teku ne, a gabansa kuma mutum ɗari da talatin, kuma shi kaɗai ya sani. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, da kunya a kansa.

Aikin jirgin rakiyar ayarin jiragen kaya ne a Tekun Atlantika, su kai su dawo, sanyi na cin ƙashi, igiyar ruwa na wasa da su yadda ta ga dama. Abin da ya fi ɗaga wa Murdo hankali shi ne bama-baman da ake jefa wa jiragen ƙarƙashin ruwa, don ta baya ake mirgina su, su fashe kusan a ƙarƙashin ƙotarsa. Duk sanda aka ji jirgi ya girgiza sai matasa su yi shewa wai an samu Bajamushe, shi kuwa yana sauka daga aiki sai ya sheƙa baya da gudu. Har abincinsa ya koma ci a can. Ya karɓi kwanonsa a ɗakin cin abincin 'yan wuta da ke gaban jirgi, ya ratso tsawon jirgin da shi, ya zauna a kan tulin igiya, hannu ɗaya a cokali, ɗaya a bango.

Wani abokin aikinsa, Ossie Tranter, mai giɓi da son raha, shi ya sa shi gaba. "Baba Murdo, a gaishe mana da amarya! Wai ita ba ta fitowa shan iska ne?"

"Uwaka ce a ciki, tana gaishe ka."

"To ka ce mata ta bar mana sauran abin da ke cikin kwalbar. Ga wurinka nan na ajiye maka, ranar da ta sake ka ka dawo cikin mutane."

Kullum sai Ossie ya bar masa gurbi a kan benci kusa da shi, kullum Murdo ya wuce da kwanonsa.

Da abin ya ishe shi, ya tattara ƙarfin hali ya sami babban injiniya, wani tsoho mai suna Pengelly da ke yawo da tsumma a aljihu. Ya cire hula ya zayyana masa komai, har da ci huɗun. Pengelly ya saurara har ƙarshe yana goge yatsu.

"Yoyo take yi?"

"A'a, Cif. A bushe take."

"Shekara nawa?"

"Ashirin da ɗaya, ranka ya daɗe."

"Gourlay, jirgin nan yoyo yake ta wuri ɗari huɗu, duk ta ƙusoshin ƙarfe na gaske masu takardar shaida. Kai kuma ka zo mini da guda ɗaya da ba ta yoyo kana kuka. In kana da sauran ƙotar ka kawo, ina da inda zan sa. Ɓace mini da gani."

Sau ɗaya aka shigar da jirgin ramin gyara aka janye ruwa, Murdo ya saci jiki ya sauka da kurfin sare ƙarfe da guduma da ƙusa mai noti a aljihu. Bai kai ga bayan jirgin ba wani soja mai gadi ya saita masa bindiga, ya ce ga ɗan leƙen asiri zai huda jirgin Sarki. Da ƙyar Pengelly ya karɓo shi, aka hana shi fita gari kwana goma sha huɗu.

Hutunsa na farko ya faɗo a ƙarshen mako, ranar Lahadi suka je cin abinci gidan Wattie, naman sanyi da dankalin jiya. Bayan an yi addu'ar da ta fi abincin tsawo, Murdo ya sunkuya ya yi raɗa, irin raɗar da maƙwabta ke ji.

"Waliyyi, ka san jirgin da aka sa ni? Ɗari Huɗu da Tara."

Wattie ya ajiye cokali. Ya buɗe baki, ya dubi matarsa, ya dubi Ishbel, ya dubi bakin Murdo, ya rufe nasa. Can ya ce, "Za ta riƙe."

"Za ta riƙe? Ka ji mini mutum! Shekara ashirin kana yi mini gorin katako, yau kuma za ta riƙe?"

"Na ce za ta riƙe. Na san abin da nake faɗa. Ka kwanta ka yi barcinka."

"Ubangiji ne ya aiko maka da wasiƙa? Ko da yake ba a raba wasiƙa ranar Lahadi. Kai dai kana nan a tudu kana tsare wa Allah lilo, ni ina can ina jiran teku ya shigo mini ta ramin da ka tsaya kana kallo aka toshe. Addu'arka ba ta taɓa ɗaure ko noti ɗaya ba, Wattie. Riƙe abarka."

Ishbel ta ce, "Murdo, a gidan Yaya kake fa." Ya ture kujera ya fice, ko sallama babu.

Ba su ƙara ganin juna ba. Cikin sanyin ƙarshen shekarar wasiƙar Ishbel ta same shi a teku. Zuciyar Wattie ce ta tsaya yana bakin aiki, yana tokare da ƙusa a cikin wani sabon jirgi. Wanda ke duka daga waje ya daɗe yana zaginsa ta cikin ƙarfe wai ya saki hannu, kafin wani ya leƙa. Murdo ya karanta wasiƙar a ɗakin igiya, ya ninke, ya ce wa bango, "Ko mutuwar ma sai da ya zaɓi ranar Laraba." Sannan ya zauna ya kasa cin abincin.

Wata huɗu bayan haka, da tsakar rana, ana rabon miyar wake, Murdo ya karɓi kwanonsa ya wuce gurbin da Ossie ya bar masa. Can a ɗakin igiya, ya kai cokali na uku ke nan sai duniya ta tashi. Jirgin ya yi tsalle ya dawo, fitilu suka mutu, kunnensa na dama ya fashe. Abin da ya fara zuwa masa a rai shi ne ƙotar ta fita, ya kashe mutane. Ya faɗa lungun ya danna tafin hannu a kan ƙullutun da iya ƙarfinsa. Ashe nakiyar jirgin ƙarƙashin ruwa ce ta sami gaban jirgin ta yanke shi gaba ɗaya, da ɗakin cin abincin, da bencin, da mutum ashirin da shida. Ossie na cikinsu.

Sauran jirgin bai nutse ba. Wani jirgi ya ɗaura masa igiya ya ja shi da baya-baya yini biyu zuwa gaɓa, kuma duk tsawon tafiyar Murdo na nan a lungun, hannu a manne da ƙarfe mai sanyin ƙanƙara, ya ƙi tashi. Sai ɓamɓare shi aka yi. Yatsu biyu suka sandare har abada. Aka sallame shi daga soja, aka haɗa masa da takardar yabo, wai ya tsaya shi kaɗai yana gadin jikin jirgi a lokacin hatsari. Ishbel ta sa takardar a gilashi ta rataye, shi kuma ya juya fuskarta bango. Ya sani sarai rashin gaskiyarsa ce ta fitar da shi daga wancan bencin, masu gaskiya kuma suka tafi, wannan kuwa ya fi ƙarfin barkwancinsa.

Sai aka ji an yi wa jirgin sabon gaba a wata tasha mai nisa, an zuba masa sababbin mutane, ya koma rakiya. Murdo ya koma ma'aikata da yatsu takwas, amma hankalinsa na teku. Da can ko ba komai yana kusa da ƙotar, yanzu kuwa wasu mutum ɗari da talatin ne ke kwana a kanta ba mai ko taɓa ta. Ya rubuta wa hukumar sojan ruwa wasiƙa uku ba suna, ya zana lungun da kibiya, ba wanda ya amsa. Kowace safiya sai ya sayi jarida ya bi jerin jiragen da aka rasa da yatsa kafin ya iya haɗiye shayi. Haka ya yi shekara huɗu.

Jirgin ya ga ƙarshen yaƙin da ransa. A 1946 aka jawo shi wurin masu yanka tsofaffin jirage, tafiyar awa guda a bas daga gidan Murdo. Ya sa rigar aikinsa, ya ɗauki kurfi da guduma, ya ba mai gadi taba, ya shiga. An riga an ja jirgin kan tudu, an kwashe igiyoyin. Ya durƙusa a lungun ya ce, "To, tsohuwa, yau sai ki nuna mini fuskarki." Ya sa kurfi ya buga. Fenti ya ɓare, danƙo ya farfashe, sai kurfin ya yi tsalle da wani amo da kurma ma ya san shi. Ƙarfe ne.

Ya kankare da sauri. Ƙusa ce mai noti, kauri daidai ramin, an ɗaure ta tamau da ɗan faifan ƙarfe a ƙarƙashin notin, aka mayar da danƙo aka rufe yadda ba mai ganewa. Ya tofa yawu ya goge gefen notin da babban yatsa. Ɗigo uku.

Ya daɗe a durƙushe. Ranar Asabar da sha biyu ya bar itace a ramin nan, Litinin da safe masu fenti suka rufe shi. Rana ɗaya ce a tsakani, ko jaki ya san wace ce. Ya roƙi sifana ya yi ta fama har notin ya kwance, ya jefa shi a aljihu ya hau bas.

A gida ya ajiye notin a kan tebur gaban Ishbel. "Watan Afrilun shekarar da muka yi aure, akwai Lahadin da yayanki bai je coci ba?"

Ta yi ɗan tunani. "Sau ɗaya a duniya. Ya ce cikinsa ke ciwo, muka tafi muka bar shi. Da muka dawo muka tarar wandonsa ya yage tun daga cinya har gwiwa, ga jan fenti a farcensa. Inna ta tambaya ya ce kada a ƙara tambayarsa. Sati biyu yana azumi. Me ya faru?"

"Katangar ma'aikata ya haura. Munafukin Allah! Ranar Lahadi, da guduma, da sifana! Mutumin da ya sa gwauruwa kuka a kan ɗan kamfai!" Ya buga tebur yana dariya. "Shekara ashirin da takwas ina gadin ƙusar da ta fi duk na jirgin ƙarfi. Me ya hana shi gaya mini? Kalma ɗaya fa, Ishbel!"

Ishbel ta juya notin a tafin hannunta, ta dube shi. "Da ya gaya maka, zuwa ƙarfe nawa za ka kai labarin mashaya?"

Murdo ya buɗe baki zai yi musu, ya tuna tafiyar sarƙar da yake kwaikwaya, da turo leɓen, da yadda ake faɗuwa ƙasa don dariya. Ya tuna Wattie a teburin nan na Lahadi yana duban bakinsa kafin ya rufe nasa, da abin da ya samu ya iya faɗa, da amsar da shi Murdo ya ba shi. Dariyar ta yanke. Ya kifa kai a kan tebur ya yi kuka da ƙarfi, irin kukan kurma, har maƙwabta suka aiko a ji ko lafiya. Ishbel ta ce musu haƙori ne.

Da a ce ya faɗi wannan labari a mashaya, da ya sha kyauta har ƙarshen ransa, don babu wanda bai da haushin Wattie da kwaɗonsa a garin. Ya ƙara shekara goma sha tara a duniya, bakinsa bai rage komai ba, ya tona asirin shugaban aiki, da na mai gidan haya, da na limamin cocin kansa. Amma in aka ce, "Murdo, yi mana tafiyar Waliyyi," sai ya ce ƙafarsa na ciwo. In wani ya ce ai Wattie Strang ko gidansa ke cin wuta ranar Lahadi ba zai ɗebi ruwa ba, sai Murdo ya sa hannu a aljihu ya ce, "Haka ne. Bai taɓa ɗaga ko tsinke ba ranar Lahadi, ni shaida ne."

Ishbel ce ta ba mu labarin, bayan an dawo daga binne shi. Ta ce ta so ta ajiye notin, amma da ta je ɗauka a aljihun rigar da za a binne shi da ita ta tarar ɗigo ukun sun kusa shafewa don murza, sai ta mayar ta bar masa abinsa.